Babi na Uku: Shirya Motar Jif Domin Jan Tirela Mai Birki

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan ire-iren motocin jif da ayyukan da ake sa su. Wannan babi zai dubi ɗaya daga cikin ayyukan nan, wato jan tirela mai birkin kanta. Da yake Hausawa sun fi sanin kalmar tirela a kan manyan motocin dakon siminti da man fetur, ya kamata a bayyana tun daga farko cewa abin da ake nufi a nan shi ne ƙaramin keken kaya marar inji, mai taya biyu ko huɗu, wanda ake ɗaurawa a bayan mota. A kan irinsa ne ake girka janareta, ko tankin ruwa, ko injin kwaɓa siminti, ko kuma a ɗora kwalekwale da dabbobi.

Mafi yawan masu jif sukan auna wannan aiki da ƙarfin inji, suna ganin muddin motar ta iya tashi da kayan to magana ta ƙare. Alhali kuwa tashi da kaya shi ne mafi sauƙi a cikin aikin. Inda wahalar take shi ne riƙe hanya da kuma tsayawa a daidai inda direba ya nufa. Saboda haka manufar shirin baki ɗaya ita ce a mayar da mota da tirela tamkar jiki ɗaya, su tashi tare, su karya kwana tare, su kuma tsaya tare. Abubuwa huɗu ne suke tabbatar da haka: lissafin nauyi, da mahaɗi, da wayoyin lantarki, da kuma shi birkin kansa.

3.1 Jif da Sassan Ja

Kalmar jif ta samo asali ne daga Jeep, ƙaramar motar da sojojin Amurka suka fara amfani da ita a shekarar 1941, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Daga baya Land Rover ta fito a Ingila a 1948, Nissan Patrol da motar da ta zama Toyota Land Cruiser suka fito a Jafan a 1951, sai Mitsubishi Pajero a 1982. A yau Hausawa na kiran duk wata doguwar mota mai kama da waɗannan da sunan jif, amma ƙirarsu ba ɗaya ba ce. Irin su Land Cruiser da Prado da Patrol suna da shasi mai zaman kansa, wato dogayen ƙarafa biyu masu kama da tsani waɗanda aka ɗora gangar jikin motar a kai. Irin su RAV4 da CR-V kuwa, jiki da shasi a haɗe suke kamar na ƙananan motoci. Kashi na farko ya fi jure jan kaya mai nauyi.

Domin sauƙin bayani, za a yi amfani da waɗannan kalmomi a cikin babin. Ƙarfen ja shi ne ƙarfen da ake ɗaurewa a shasin mota ta baya. Ƙwallo shi ne dunƙulen ƙarfen da ke bakinsa. Wuya shi ne dogon ƙarfen da ya miƙo daga gaban tirela, ƙoƙo kuma shi ne bakin wuyan, wanda ake kifawa a kan ƙwallo a kulle. Nauyin wuya kuwa shi ne yawan nauyin da tirela ke dannawa a kan ƙwallo.

3.2 Dalilin Sa wa Tirela Birki

An ƙera birkin kowace mota ne gwargwadon nauyinta da na kayan da aka yarje mata ta ɗauka. Idan aka ɗaura wa jif mai kilo 2,500 tirela mai kilo 2,500 marar birki, to an ninka wa birkin motar aiki ke nan, ba tare da an ƙara masa komai ba. Aikin birki shi ne mayar da ƙarfin gudu ya zama zafi. Wannan ƙarfi yana ninkuwa sau biyu idan nauyi ya ninku, amma yana ninkuwa har sau huɗu idan gudu ne ya ninku. Wato tazarar da ake bukata a tsaya daga gudun kilomita 80 a sa'a ta kai kusan ninki huɗu na wadda ake bukata daga gudun kilomita 40.

Bayan doguwar tazara, akwai haɗari na biyu. Lokacin da mota ta rage gudu tirela kuwa ba ta rage ba, tirelar za ta ci gaba da tura bayan motar. Idan hakan ya faru a kan kwana ko a kan jiƙaƙƙiyar kwalta, bayan motar kan zame gefe, tirelar ta naɗo ta bugi haƙarƙarin motar kamar yadda askar wanzami ke rufewa.

Wannan ne ya sa ƙasashe da yawa suka kafa iyaka. A ƙasashen Turai da Ostareliya, duk tirelar da nauyinta da kayanta ya wuce kilo 750 dole ne ta kasance da birki. A Ingila an ƙara da cewa tirela marar birki kada ta wuce rabin nauyin motar da ke janta. A Amurka kowace jiha da tata iyakar. Kilo 750 ba wani nauyi ne mai yawa ba idan aka tuna cewa buhun siminti 15 ke nan, kuma a cikin lissafin har da nauyin ita tirelar kanta.

3.3 Lissafin Nauyi

Matakin farko na shiri ba ya bukatar sifana ko guduma, takarda da alƙalami kawai yake bukata. Akwai alƙaluma biyar da ya wajaba mai mota ya sani, kuma ana samun su a littafin motar da kuma ɗan faifan ƙarfe ko takardar da ke manne a bakin ƙofar direba ko a cikin bonet:

(i) nauyin motar ba kaya;
(ii) iyakar nauyin motar da mutane da kaya;
(iii) iyakar nauyin tirela mai birki da za ta iya ja;
(iv) iyakar nauyin wuya;
(v) iyakar nauyin mota da tirela a haɗe.

Manyan jif irin su Land Cruiser da Patrol, a samfurorin da ake sayarwa a Ostareliya, an yarje musu jan kilo 3,500. Ƙananan jif kuwa ba su cika wuce kilo 2,000 ba, wasunsu ma ƙasa da haka nesa ba kusa ba. Mota iri ɗaya takan zo da alƙaluma daban-daban gwargwadon injinta da giyabos ɗinta da kasuwar da aka ƙera ta dominta, saboda haka abin dogaro shi ne abin da ke rubuce a jikin ita motar da ke hannu.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a riƙe alƙalami na uku a manta da sauran. Nauyin wuya a kan motar yake sauka, saboda haka a cikin kayan motar ake lissafa shi. Alal misali, a ɗauka akwai jif mai nauyin kilo 2,600, iyakarta kuma kilo 3,300. Abin da za ta iya ɗauka ke nan kilo 700. Idan aka ɗaura mata tirela mai kilo 2,500 wadda nauyin wuyanta kilo 250 ne, saura kilo 450. Mutum biyar masu kilo 70 kowanne sun cinye 350. Da zarar an zuba kayan kilo 150 a but, an haura iyaka da kilo 50, alhali tirelar ba ta ko kusanci iyakar da aka yarje wa motar ta ja ba.

Haka kuma, da yake ƙwallo yana can bayan tayoyin baya, nauyin da ya sauka a kansa yakan ƙaru kafin ya isa gare su. Idan tsakanin tayoyin gaba da na baya mita 3 ne, daga na baya zuwa ƙwallo kuma mita 1.2, to kilo 250 a kan ƙwallo zai dora wa tayoyin baya kilo 350, ya kuma ɗage kilo 100 daga kan na gaba. Tayoyin gaba kuwa su ne na sitiyari, kuma su ne ke yin mafi yawan aikin birki. Wannan shi ne dalilin da ya sa motar da bayanta ya durƙusa takan yi sakwa-sakwa a hannun direba, fitilunta kuma su riƙa kashe wa masu tahowa ido.

Duk wanda ya san amalanken shanu ya san wannan ƙa'ida. Idan aka tara kaya a gaba, karkiya ta danne wuyan shanu. Idan aka tara a baya, ta ɗaga sama ta shaƙe su. Haka tirela take. A Turai ana so nauyin wuya ya kasance kashi 5 zuwa 7 cikin 100 na nauyin tirela, a Amurka kuwa kashi 10 zuwa 15. Kowanne aka bi, kada a wuce iyakar da aka rubuta wa motar da ƙarfen ja. Ga wanda bai goge da jan tirela ba, shawarar da aka saba bayarwa a Ingila ita ce kada tirela da kayanta su wuce kashi 85 cikin 100 na nauyin motar ba kaya.

3.4 Ƙarfen Ja da Ƙwallo

Duk ƙarfin ja da na tsayawa ta wannan wuri yake bi, don haka a nan ne aikin ganganci ya fi saurin nuna kansa. Ƙarfen ja a jikin shasi ake ɗaure shi, a ramukan da kamfanin motar ya tanada tun daga masana'anta, da kusoshi masu ƙarfi waɗanda aka buga wa lamba 8.8 ko sama da haka a ka. Bamba ba wurin ɗaure shi ba ne. Haka kuma ƙaramin zoben da ke ƙarƙashin mota an yi shi ne don ɗaure ta a jirgin ruwa ko janye ta ɗan gajeren zango idan ta lalace.

Ya zama ruwan dare a kai mota wurin mai walda ya yanko ƙarfe ya liƙa a shasi. Illar wannan iri biyu ce. Ta farko, zafin walda yana raunana ƙarfen shasi a daidai gefen ɗinkin, kuma daga nan tsaga ke farawa idan an daɗe ana girgiza a kan hanya mai gargada. Ta biyu, babu wanda ya san iyakar nauyin da irin wannan ƙarfe zai ɗauka, domin ba a gwada shi ba. Ƙarfen ja na kamfani yana zuwa da faifai mai nuna iyakarsa. Idan iyakar mota kilo 3,500 ce, ta ƙarfen ja 2,000, ta ƙwallo kuma 1,500, to iyakar tafiyar baki ɗaya 1,500 ce, wato mafi ƙanƙanta a cikinsu.

Akwai wata matsala da ta shafi ƙasashen da ke sayen motocin hannu daga wurare daban-daban, kamar Nijeriya da Nijar, inda jif ƙirar kasuwar Amurka kan haɗu da tirela ƙirar Turai. Ƙwallon Turai faɗinsa milimita 50 ne. Na Amurka iri uku ne suka fi yawa: mai inci 1 da 7/8, wato kimanin milimita 47.6, da mai inci 2, wato milimita 50.8, da mai inci 2 da 5/16, wato kimanin milimita 58.7. A ido na farko da na biyu suna kama da na Turai. Ƙoƙo mai milimita 50 zai zauna a kan ƙwallo mai 47.6 har ya yi kamar ya kulle, sai an faɗa rami ya yi tsalle ya fita. Masu iya magana kan ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Girman kowane ƙwallo da ƙoƙo a rubuce yake a jikinsa, kuma dole su zo daidai. Wasu tirelolin janareta da na sojoji suna zuwa da zobe ne a maimakon ƙoƙo, irin waɗannan kuwa ƙugiya mai kulle ake sa musu.

Tsawon ƙwallo daga ƙasa ma abin lura ne. Ƙa'idar Turai ita ce tsakiyar ƙwallo ya kasance tsakanin milimita 350 da 420 daga ƙasa idan mota na ɗauke da kaya. Jif da yawa sun fi haka tsawo, shi ya sa ake amfani da ƙarfe mai lanƙwasa da ke sauko da ƙwallon. Abin da ake nema shi ne tirela ta tsaya a miƙe, ko gabanta ya ɗan sunkuya kaɗan. Tirela mai taya huɗu idan ta karkata, biyu daga cikin tayoyin ne za su ɗauki yawancin kayan, su yi zafi, sauran biyun kuma su riƙa ja a ƙasa da zarar birki ya kama.

Daga ƙarshe akwai sarƙoƙi. Inda tirela take da guda biyu, gicciye su ake yi a ƙarƙashin wuya kafin a maƙala su a ƙarfen ja, domin idan ƙoƙo ya fita su tare wuyan kada ya caki kwalta. Ana barin su da ɗan saki yadda za a iya karya kwana, amma ba yadda za su riƙa jan ƙasa ba.

3.5 Wayoyin Lantarki

Tirela tana rufe fitilun bayan mota, saboda haka wajibi ne ta sami nata: na birki, da sigina, da na dare, da na lamba. Wutar tana zuwa ne ta soket da ake kafawa kusa da ƙwallo. A Turai akwai mai baki 7 da mai baki 13. A Amurka akwai mai baki 4 na fitilu zalla, da mai baki 7 wanda a cikinsa akwai wayar birki. Mai baki 7 na Turai da na Amurka ba sa shiga juna. Bugu da ƙari, tirelolin Amurka fitila ɗaya ce ja take yin aikin birki da sigina, na Turai kuwa sigina daban take, mai ruwan ɗorawa. Haɗa ɗaya da ɗaya yana bukatar wata 'yar na'ura mai sauya tsarin.

A tsofaffin motoci mai rewaya yakan feɗe wayar fitilar baya ya jona ta tirela. Motocin zamani kuwa kwamfuta ce ke lura da wutar da kowace fitila ke ja, kuma irin wannan jonawa takan rikita ta ko ta ƙona ta. Abin da ya dace da su shi ne akwatin waya na musamman wanda ke ɗauko wuta daga batir ta hanyar fis nasa. A wasu motocin, ta wannan akwati ne motar ke gane an ɗaura mata tirela, har ta kunna tsarin da ke taimakawa wajen kashe kaɗawar tirela. Yawancin matsalolin fitilun tirela daga wayar da ke mayar da wuta suke tasowa, wadda masu rewaya ke kira at. Bai kamata a dogara ga taɓawar ƙwallo da ƙoƙo ba, domin giris da tsatsa suna hana wuta wucewa.

3.6 Ire-iren Birkin Tirela

3.6.1 Birkin Turawa

Wannan shi ne ya fi yawa a tirelolin Turai masu nauyi har zuwa kilo 3,500. Ƙoƙonsa yana kan wani bututu ne mai zamewa gaba da baya. Idan mota ta rage gudu, tirela takan turo gaba, bututun ya shige ciki ya danna liba, libar ta ja sanda da wayoyin ƙarfe waɗanda ke buɗe lainin a cikin kaskon birki, wato durom. Iya ƙarfin turawa iya ƙarfin kamawa. A cikin bututun akwai ɗan shokazoba da ke hana birkin fizga. Idan ya mutu, direba zai riƙa jin duka a bayan mota duk lokacin da ya taka birki ko ya tashi. Akwai kuma nau'in da ke amfani da man birki a maimakon sanda, wanda aka fi gani a tirelolin kwalekwale a Amurka.

Amfaninsa shi ne ba ya bukatar a ƙara wa mota komai ban da ƙwallo da soket. Rauninsa kuwa, direba ba shi da iko a kansa kai tsaye, kuma a doguwar gangara yakan yi ta kamawa har kaskon ya yi zafi. Tsofaffin samfurori sukan kama idan an sa ribas, sai an sauka an kulle bututun da hannu, kuma mantawa da buɗe shi yana nufin tafiya babu birki. Na zamani suna sakin kansu.

3.6.2 Birkin Lantarki

Shi ne ya fi yawa a Amurka da Ostareliya. A cikin kowane kasko akwai maganaɗisun lantarki. Idan wuta ta shige shi yakan manne wa fuskar kaskon da ke juyawa, juyawar ta ja shi, shi kuma ya ja libar da ke buɗe lainin. Yawan wuta shi ne yawan kamu. Wannan birki ba zai yi aiki ko kaɗan ba sai an kafa na'urar sarrafa shi a cikin mota, a inda hannun direba zai kai. Mutum na iya sayen tirela mai birki lafiyayye ya yi ta yawo da ita babu birki, don kawai motarsa ba ta da wannan na'ura.

Na'urar iri biyu ce. Akwai mai aiki da lokaci, wadda ke ƙara wuta sannu a hankali daga sa'ad da aka taka birki, ko an taka da ƙarfi ko a hankali. Akwai kuma mai aunawa, wadda ke jin yadda mota ke rage gudu ta aika da wuta daidai da haka. Ta biyun ta fi dacewa da kaya mai nauyi. A bisa al'ada wayoyinta huɗu ne: baƙa zuwa batir, fara zuwa at, ja zuwa makunnin fitilar birki, shuɗiya kuma zuwa soket. Kowane maganaɗisu yana jan kimanin amfiya 3, wato tirela mai taya huɗu tana bukatar kusan 12, don haka siririyar waya ba za ta yi ba. Jif da yawa na kasuwar Amurka suna zuwa da mahaɗin wannan na'ura a shirye a ƙarƙashin dashbod.

3.6.3 Saita Birkin Lantarki

Ana yin saitin ne da tirela ɗauke da kayanta, a miƙaƙƙiyar hanya busasshiya marar cunkoso. Direba zai kai gudun kimanin kilomita 40 a sa'a, ya ja libar hannu da ke jikin na'urar har ƙarshe ba tare da ya taka birkin mota ba. Idan tayoyin tirela suka kulle suka ja a ƙasa, wuta ta yi yawa, sai a rage. Idan ba a ji wani kamu ba, sai a ƙara. Wurin da ake nema shi ne dab da kullewa. Bayan haka sai a gwada da birkin ƙafa: idan tirela tana turo mota ba ta sami wuta isasshiya ba, idan tana fizgar ta baya kuwa an zarce. Da yake saitin ya danganta da nauyi, wanda aka yi da cikakkiyar tirela ba zai dace da ita ba bayan an sauke kaya.

3.6.4 Birkin Ko-ta-kwana

Wannan wata siririyar wayar ƙarfe ce da ake maƙalawa a jikin mota. Idan tirela ta ɓalle, wayar takan ja birkin hannunta, ko kuma ta zare wani ɗan fegi wanda ke sakin wutar ƙaramin batir zuwa birkin lantarki. A Ostareliya wajibi ne ga tirelar da ta wuce kilo 2,000, kuma dole birkin ya riƙe na aƙalla minti 15. Ana maƙala wayar a ramin da aka tanada a ƙarfen ja, kada a haɗa ta da sarƙa, kuma a riƙa duba cajin batirin.

3.7 Sauran Sassan Mota

Jan kaya yana ƙara zafi a inji da giyabos, musamman a watannin Maris zuwa Mayu a ƙasar Hausa. Ya kamata a wanke lagireto, a duba fanka da tiyo. Giyabos mai canza kansa yana amfana da ƙarin ɗan lagireton sanyaya mai. Man birki yana tsotsar danshi daga iska, kuma hakan na rage masa jure zafi: sabon DOT 4 sai ya kai digiri 230 kafin ya tafasa, wanda ya sha danshi kuwa yana iya tafasa a wajen digiri 155. Idan ya tafasa feda takan tafi ƙasa babu kamu. Saboda haka sabunta shi yana cikin shiri.

Ana ƙara wa tayoyin baya iska zuwa adadin da aka rubuta na cikakken lodi, a kuma auna tun suna da sanyi. Tayoyin tirela sukan tsufa su tsattsage a rana tun ba su suɗe ba, don haka a dubi shekarar ƙirarsu. Boris yana bukatar giris, lainin kuma yana bukatar saiti, musamman bayan kimanin kilomita 300 na farko. Ƙara sifirin yana ɗaga bayan mota, amma ba ya ƙara mata iyakar nauyi. Idan tirela ta fi mota faɗi, sai an ƙara madubai masu tsawo.

3.8 Lodi da Tafiya

Kaya mafi nauyi a ƙasa ake sa shi, a kan tayoyi ko ɗan gaba da su, yadda kimanin kashi 60 cikin 100 zai kasance a rabin gaba, a kuma ɗaure shi kada ya gusa. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, wato tanki mai lita 2,000 tan biyu ne. Tankin da ke rabi ya fi cikakke haɗari, domin ruwan yana tunkuɗa gaba da gefe.

Kafin a tashi, akan ɗaga wuyan tirela da 'yar tayar gaba a ga ko bayan mota zai ɗago tare da shi, wanda shi ne shaidar ƙoƙo ya kulle. Sai wani ya tsaya a baya a gwada fitilu ɗaya bayan ɗaya. Bayan tafiyar 'yan kilomitoci a tsaya a kusanta hannu ga kowane kasko: wanda ya fi sauran zafi yana kamawa, wanda ya yi sanyi ƙalau kuwa ba ya aiki.

A kan hanya, gudu shi ne babban mai haddasa kaɗawar tirela. A Ingila iyakar mai jan tirela mil 60 ce a sa'a a kan manyan tituna, wato kimanin kilomita 96, da mil 50 a kan hanya mai hannu biyu a haɗe, wato kimanin kilomita 80. Idan tirela ta fara kaɗa wutsiya, direba zai ɗaga ƙafa daga totur ya riƙe sitiyari a miƙe, kada ya taka birkin mota da ƙarfi. Mai birkin lantarki zai iya jan libar hannu a hankali, tirelar ta ja baya ta miƙe. A gangara mai tsawo irin ta Hawan Kibo da ke Jihar Filato, tun daga sama ake sa ƙaramar giya, inji ya riƙe motar, a bar birki ya huta don lokacin da za a bukace shi.

3.9 Kammalawa

A wannan babi an yi ƙoƙarin nuna matakan da ake bi wajen shirya jif domin jan tirela mai birki. An ga cewa shirin yana farawa da lissafin nauyi, inda nauyin wuya ke shiga cikin kayan mota, kuma mafi raunin sassan mahaɗi shi ke yanke iyaka. An bayyana bambancin ƙwallo da soket na Turai da na Amurka, da yadda birkin turawa da na lantarki ke aiki, da kuma yadda ake saita su. Abin da ya fito fili shi ne, birkin tirela ba ya amfani sai an haɗa shi da mota yadda ya kamata, an kuma gwada shi da kaya a kai kafin a hau babbar hanya, domin rigakafi ya fi magani. Babi na gaba zai dubi kalmomin da direbobi da kanikawa ke amfani da su a wannan fanni, da hanyoyin da suka bi suka shigo cikin harshen Hausa.